Abin da Trevor Ormerod Bai Faɗa wa Kwamiti Ba

Shekara bakwai Trevor Ormerod ya yi yana aikin masinja a kotun gunduma ta Calderby, amma a takarda ko kwana ɗaya bai taɓa zama ma'aikacin kotun ba. Wani kamfani ne mai samar da ma'aikatan wucin gadi ya turo shi, aka ce na wata uku ne, kafin mai wurin ta dawo daga jinya. Matar ba ta dawo ba. Daga nan duk bayan wata uku sai saƙo ya shigo wayarsa cewa an sabunta masa kwantiragin, shi kuwa ya goge takalmansa ya ci gaba da zuwa.

Kafin kotu, shekara ashirin da takwas ya yi a masana'antar rini da ke bakin kogi, har ranar da aka garƙame ta. Bai yi aure ba. Akwai wata da aka daɗe ana ganinsu tare tun yana saurayi, sai dai a lokacin ne mahaifiyarsa ta sami shanyewar ɓarin jiki, ita kuwa yarinyar ba ta ga dalilin jira ba, kuma ba wanda zai ga laifinta. Ya yi jinyar tsohuwar shekara da shekaru a ɗan gidansu mai ɗaki biyu sama, biyu ƙasa. Da ta rasu ya ci gaba da zama a ciki, ko labule bai canza ba. Yayarsa ɗaya tilo tana Kanada, kati take aiko masa duk Kirsimeti. Daga yammacin Juma'a, idan ya ce wa mai sayar da kifi da soyayyen dankali a zuba masa gishiri kaɗan, ba ya sake buɗe baki ya yi wa mutum magana sai safiyar Litinin.

A kotu kuwa bakinsa ba ya hutawa, don aikin ke nan. Ƙarfe takwas da rabi zai zura baƙar rigar nan mai faɗin hannu, ya ɗauki jerin shari'o'in ranar ya fito zauren jira. Shi zai duba wa ya zo, wa bai zo ba, wa ke da lauya, wa ya zo shi kaɗai da takardunsa a ledar kanti. Shi zai raba miji da matar da ba a son su zauna kusa, ya kai wannan sama ya bar wancan ƙasa. Shi zai kira suna, ya ce kowa ya miƙe idan alƙali ya shigo, ya miƙa wa shaida littafi ya rantsar da shi. Ba aikin da ake zuwa jami'a a koyo ba ne, amma ba kowa ke iya shi ba. Tun daga ƙofa Trevor ke duban mutum ya san ko mai kuka ne ko mai zagi, ya ajiye wa na farkon ruwa, ya tsaya kusa da na biyun. Yakan hau bene ya sauko sau talatin ko fi a rana, don lif ɗin kotun ya fi daɗewa a lalace.

Benen ne ya cinye masa gwiwar dama. Yana da shekara sittin likita ya ce sai an yi tiyata an sa masa ta ƙarfe, kuma bayan aikin zai yi wata uku a gida. Aka sa shi a layi, aka ce wajen watan Nuwamba za a kira shi.

Ma'aikatan kotun iri biyu ne, kuma ba sai ka tambaya ba, igiyar katin da ke wuyansu ce za ta gaya maka. Mai shuɗiyar igiya ɗan dindindin ne. Idan ya kwanta ciwo albashinsa na tafiya wata da watanni, wurinsa na jiransa. Yana da fansho, yana da hutun shekara mai ƙaruwa, har da wata rana guda ta kyauta da ake ba su albarkacin ranar haihuwar Sarauniya. Mai rawayar igiya irin ta Trevor kuwa, idan ya yi mako biyu bai leƙo ba, kamfani zai turo wani, magana ta ƙare. Ba abin da zai ci ne ya dami Trevor ba. Gidan nasa ne, kuma mutumin da gwangwanin wake da yankan burodi biyu ke ƙosar da shi ba ya mutuwa da yunwa. Abin da yake tsoro shi ne ya miƙe da sabuwar gwiwa ya tarar ba inda zai taka da ita ranar Litinin.

A watan Yuni sai ga sanarwa: hukuma ta yarda a ɗauki masinja ɗaya na dindindin. Gurbin da Trevor ke tsaye a ciki ne, ba wani ba.

Denise Clegg, wadda ke zama a kantar karɓar takardu, ita ta tare shi a ɗakin shayi da tsakar rana. Mace ce mai shekara hamsin da ɗoriya, mai baki, ta yi aure uku ta fito, kuma ita kaɗai ce a ginin ke tsokanarsa.

"Tsoho, an ce an kai wurinka kasuwa."

"Na gani."

"Ka gani, sai me? Za ka tsaya kana gyara wa mutane kujera har wani ya zo ya zauna a taka?"

"Pauline ta san aikina," in ji shi. Pauline Duckworth ita ce shugabar ma'aikatan kotun, kuma kofinta na kusa da nasa a kan kantar ɗakin shayi tun ranar da ya zo.

"Pauline ta san aikinka a nan ɗakin shayi. Ranar intabiyu ba ta san ka ba, ko a hanya ba ta taɓa ganinka ba. Abin da ka faɗa da bakinka kawai za ta ba wa maki. Ko ka ɗauke ta a kafaɗa ka fitar da ita daga gobara jiya, in ba ka faɗa ba, ba ka yi ba."

"Wannan ai wasan yara ne."

"Wasan yaran ne ya ba ni shuɗiyar igiya. Ajiye burodin nan ka zo mu cike fom."

Dokar ba ta banza ba ce. Waɗanda suka daɗe a aikin sun ga zamanin da rabin ma'aikatan ofis ɗaya suke dangin juna, ɗan wane ya gaji wane, suruki ya shigo da suruki. Shi ya sa aka ce a cire suna da shekaru daga takardar neman aiki a sa lamba, a yi wa kowa tambaya iri ɗaya, a rubuta amsar kowa a ajiye, don in an yi ƙorafi a sami abin dubawa. Ta hana ɓarna da yawa. Sai dai ba ta da idon da za ta ga mutum irin Trevor.

Fom ɗin bai ba da wuya ba, don Denise ce ta zauna a kwamfuta, shi yana faɗa tana gyarawa, yana cewa ba haka ya faɗa ba tana cewa haka yake nufi. Ya tsallake wannan mataki, aka gayyaci mutum biyar intabiyu har da shi. Nan ne aikin ya tsaya. Kwana huɗu a jere Denise tana zaunar da shi tana yi masa gwaji.

"To, Mista Ormerod," ta ce, ta tura tabarau kan hanci kamar manya. "Ba mu labarin wani lokaci da ka shawo kan wani mawuyacin hali."

"Kullum ai haka ake yi."

"Ɗaya ake so. Yaushe, me ya faru, me kai ka yi, yaya aka ƙare. Ka yabi kanka, tsoho, ba wanda zai kama ka."

"Ba haka aka rene mu ba."

"To renon ya biya ka fansho. Matar nan da ta suma a kotu ta biyu fa?"

"Ruwa na ba ta."

"Mutumin da ya ce sai ya fasa wa lauyan matarsa baki?"

"Tsayawa na yi a tsakaninsu. Ai aikin ke nan, Denise. Me zan faɗa a ciki?"

Kuskurensa ke nan, kuma gara a faɗe shi a fili. Yana da labari ɗari da za su ishe shi, amma a wurinsa ba labari ba ne, aiki ne, kuma a masana'antar da ya tashi mutumin da ya tsaya yana bayyana yadda ya iya aikinsa ya zama abin dariya har ya yi ritaya. Abu ɗaya ne kaɗai a shekara bakwai ɗin da shi kansa ya yarda ya kai a kira shi mawuyacin hali. Denise ma shi ta tuna.

"Shi ke nan, ba su na mutumin banɗaki. Wannan ko alƙalai sun yi maganarsa."

Shekara biyu kafin nan abin ya faru. Wani mai gyaran rufin gidaje, Stuart Holroyd, ya zo shari'ar riƙon 'ya'yansa mata biyu. Alƙali ya ba uwar, ya bar masa ranar Asabar kawai. Mutumin ya fita ya shige banɗakin maza na sama ya kulle kansa. Aka buga, shiru. Masu gadi suka ce a ɓalle ƙofar a kira 'yan sanda. Trevor ya roƙi Pauline ta ba shi lokaci, ya kori kowa, ya tattare rigarsa ya zauna a ƙasa ya jingina da ƙofar. Bai yi masa wa'azi ba. Ya san mahaifin Stuart a masana'antar rini, sai ya kama ba shi labarin yadda uban ya taɓa faɗawa cikin kwamin shuɗi ya yi mako guda kunnuwansa ba su koma daidai ba. Daga nan ya koma kan ƙwallo, daga ƙwallo ya koma kan tsadar kwanon rufi, mutumin da ba ya iya jera magana goma a ɗakin shayi. Bayan awa ɗaya da minti arba'in sai wata kwalbar ƙwayoyi ta gangaro ta ƙarƙashin ƙofar. A cike take, ba a buɗe ba.

"In aka rubuta wannan," in ji muryar daga ciki, "Asabar ɗin ma ƙwacewa za su yi."

Gaskiya ya faɗa, ko kusa da ita. Trevor ya jefa kwalbar a aljihu. Ya kira wan mutumin a waya, bai bar shi ya fita daga ginin ba sai da wan ya iso ya yi alkawarin kai shi wurin likita a ranar. Ƙa'ida ta ce a rubuta irin wannan duka a rahoto. Abin da Trevor ya rubuta shi ne mutumin ya ji ba daɗi, ya huta, ya tafi gida tare da ɗan'uwansa. Babu ƙarya a ciki. Pauline ta sa hannu. Tun daga nan yakan hango Stuart a kasuwa ranar Asabar da 'yan matan biyu, ɗaya a kowane hannu. Su kaɗa wa juna kai su wuce. Ba su taɓa tsayawa ba.

Denise ba ta san da kwalbar ba, ba wanda ya sani. Abin da ta sani kawai Trevor ya ce wannan ba nasa ba ne da zai bayar.

"Canza masa suna mana."

"Pauline na nan ranar. Kuma duk abin da na faɗa rubutawa za su yi su ajiye, ke kika ce."

"To ƙirƙiro wani. Kana tsammanin duk waɗanda ke shiga ɗakin nan gaskiya suke faɗa? Ni da na shiga, sai da na ceci wata tsohuwa da ba a taɓa haifa ba."

"Mutum nawa nake rantsarwa a rana, Denise?"

"Kai ai ba rantsar da kai za a yi ba." Ta tattara kofinta. "Taurin kai kamar tsohon jaki. Ranar da aka kore ka kada ka zo kantata kana mini fuskar tausayi."

Ranar Laraba aka yi intabiyun, a ƙaramin ɗakin ganawa na sama. Trevor ne ya jera kujerun da safe, shi ya cika tulun ruwan ya ajiye kofuna. Ya shigar da mutum biyu daga cikin masu neman aikin da hannunsa, ya nuna musu inda za su rataye rigar ruwa, har ya ce wa ɗaya ta kwantar da hankalinta, mutanen ciki ba sa cizo. Ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata ya tuɓe baƙar rigar, ya sa kwat ɗin da ya saya don jana'izar mahaifiyarsa, ya zauna a bakin ƙofa yana jiran a kira shi.

Mutum biyu ne a bayan tebur. Pauline, da wani baƙo daga ofishin yanki, mai ƙaramin gemu da biro mai tsada. Pauline ta miƙe ta ba shi hannu.

"Barka da zuwa, Mista Ormerod. Sunana Pauline Duckworth, ni ce shugabar ma'aikata a wannan kotu. Wannan kuma Mista Fairclough ne. Da fatan ba ka sha wahalar gane wurin ba."

Trevor ya yi murmushi, yana jiran ita ma ta yi. Ba ta yi ba. Daga takarda take karantawa, kuma abin da ta karanta wa na gabansa ke nan. Denise ta gaya masa haka za a yi, amma ji daban, gani daban. Matar da ta san ba ya shan sukari ce ke tambayarsa ko yana son ruwa, daga tulun da shi ya cika. Ya ce a'a, ya gode.

Aka tambaye shi me ya sa yake son aikin, ya ce don shi yake yi. Aka tambaye shi yadda yake aiki da abokan aiki, ya ce lafiya lau, ba ya faɗa da kowa. Mista Fairclough yana rubutu, ya tsaya, ya jira ko akwai ƙari, ya ga babu, ya ja layi.

Sai Pauline ta karanto ta ukun, ta mawuyacin halin nan da Denise ta yi ta yi masa gwajinta. Trevor ya dubi hannuwansa.

"Ba sauri ake ba," in ji Pauline. "Ka yi tunani. Ko akwai wata rana ta musamman, da wani ya shiga wani hali a cikin ginin, kai kuma ka yi wani abu."

Wannan ya wuce abin da takarda ta ba ta izinin faɗa, har baƙon ya ɗan waiwayo ya dube ta.

"Ai kina nan, Pauline."

"Mista Ormerod, sai abin da ka faɗa da bakinka a ɗakin nan za mu iya ba wa maki."

Ya ja numfashi. "Akwai wani da ya kulle kansa a banɗaki."

"Madalla," in ji Mista Fairclough, ya gyara zama. Ba mugun mutum ba ne, so yake ya sami abin rubutawa. "Me kai ka yi?"

"Na zauna a bakin ƙofa."

"Kana ganin akwai haɗari ga rayuwarsa? Me ka lura da shi? Wa ka sanar?"

Bakin biron yana kan takarda. Trevor ya dube shi. Ya san inda takardar za ta, ya san fayil, shi ke ɗaukar su sama da ƙasa kullum, kuma ya san abin da ya shiga fayil ba ya fita. Zai iya ba da rabin labarin ya ƙawata shi, ya ce ya yi amfani da hikima da natsuwa, ya bar kwalbar a waje. Mai wayo haka zai yi. Shi bai iya ba. A ganinsa in ya fara, tambaya za ta bi tambaya har a zo inda sai dai ya yi ƙarya ko ya tona.

"Na zauna ne kawai. Ya gaji ya fito."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Akwai abin da kake son ƙarawa?" in ji Pauline. Ba takarda take kallo ba yanzu. "Ko me ne ne."

"Babu."

Mista Fairclough ya duba tambayarsa ta ƙarshe. "Me ka koya daga abin?"

"Kada mai gwiwa irin tawa ya zauna a ƙasan banɗaki."

Baƙon ya yi 'yar dariya, ya rubuta kalma uku ko huɗu. Minti arba'in aka ware wa kowa, na Trevor sha shida ya ci. Ya fito ya sauya riga, ya shigar da mutum na huɗu.

Bayan kwana tara sakamako ya zo ta kwamfuta, da lambarsa a sama maimakon sunansa. Ana son maki huɗu cikin bakwai a kowace tambaya. A ta ukun biyu ya samu, don haka ko jerin 'yan jiran gurbi bai shiga ba. Wata Lorraine Tattersall aka ɗauka, mai shekara arba'in da biyar, daga ofishin haraji, inda ta yi shekaru tana amsa wayar mutanen da ransu ya ɓaci. Ba ta cuci kowa ba. An tambaye ta, ta amsa.

Pauline ta kira shi ofishinta ta rufe ƙofa. Ba ta ce ya zauna ba, ita ma ba ta zauna ba.

"Me ya sa ka yi mini haka, Trevor?"

"Yau kin san sunana ke nan."

"Kada ka fara. Sau uku na buɗe maka ƙofa, har Mista Fairclough ya yi mini magana bayan ka fita. Na zauna ina kallon wanda ya fi kowa iya aikin nan yana ba ni maki biyu in rubuta da hannuna."

"Ba laifinki ba ne."

"Na san ba laifina ba ne. Shi ya sa nake jin haushi." Ta dube shi sosai. "Me ya faru a banɗakin nan?"

"Abin da na rubuta."

Ta daɗe tana kallonsa. Shekara talatin ta yi a kotu, ta san lokacin da ake daina tambaya. Ta ce masa kamfani zai bar shi har ƙarshen Oktoba, don ya nuna wa sabuwar aiki.

Ya nuna mata, kuma bai rage komai ba. Ya gaya mata wane alƙali ne ba ya son a buga ƙofa sau biyu, wane lauya ne ke cewa minti biyar yana nufin rabin awa, wace kujera ce a zauren jira ake iya gani daga ko'ina. Ranarsa ta ƙarshe aka sayo kek, aka ba shi kati da kowa ya sa wa hannu. Takardar yabo ta hukuma ta 'yan dindindin ce, ba a ba shi ba. Denise ta ce a gaban kowa in aka sa masa gwiwar ƙarfe ya yi hankali da ruwan sama kada ya yi tsatsa, aka yi dariya, ita kuma ta shige kantarta ba ta sake fitowa ba har ya tafi.

Aka yi tiyata lafiya. Ya sauko da gadonsa ɗakin ƙasa, ya yi hunturun a nan. Ma'aikaciyar jinya tana zuwa tana duba ɗinkin, daga baya ta daina don ya warke. Denise ta kira sau biyu a watan farko, sau ɗaya a na biyu. Ba mugunta ba ce. Kantar kotu ba ta jiran kowa, kuma Trevor a waya ba ya cewa komai sai lafiya lau.

A watan Maris, wata Alhamis da safe, ya ɗauki sanda ya hau bas ya je kotun. Ta ƙofar jama'a ya shiga, ya bi layi. Mai gadin ya gane shi, ya gaishe shi da fara'a, sannan ya ce ya yi haƙuri ya cire bel da agogo ya zuba makullai a faranti. Na'urar ta yi ƙara saboda gwiwar, sai da aka shafa shi da sandar bincike sama da ƙasa. Ya sami wuri a zauren jira ya zauna tsakanin wata mata mai jariri da wani mutum mai karanta takarda ɗaya yana sakewa. Lorraine ta wuce da jerin sunaye, ta ɗaga masa hannu, ba ta da lokacin tsayawa. Ya lura ta raba miji da mata daidai yadda ya kamata. Aikin na tafiya.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya Pauline ta sauko, wani ya gaya mata. Ta zauna kusa da shi, abin da bai taɓa ganin ta yi a zauren nan ba.

"Yaya ƙafar?"

"Ta fi ni lafiya."

"Akwai wani gurbi da zai fito da bazara, ɗaya daga cikin masinjojin zai yi ritaya. Bai kamata in gaya maka kafin a sanar ba."

"Tambayoyin fa?"

"Iri ɗaya ga kowa. Ka sani." Ta gyara igiyar wuyanta. "Ba dole sai wancan labarin ba, Trevor. Ka ba su na matar da ta suma. Ka ce ka lura, ka yanke shawara, ka ɗauki mataki. Kalmomi ne kawai."

"Kuma za ki sake gaya mini sunanki."

"Dole ne."

Ya jinjina kai, ya ce zai duba. Ta ce ya dai duba ɗin da gaske, ta tashi, don ana jiranta a sama. Ya ƙara zama kamar rabin awa, sannan ya dogara sandarsa ya fita.

Gurbin ya fito a watan Mayu, bai nema ba. Bai kuma ƙara zuwa kotun ba. Yanzu yana taimakawa safiya biyu a mako a wani shagon sadaka da ke sayar da tsofaffin kaya a bayan tashar bas. A ɗakin baya suka sa shi, inda ake ware tufafi da littattafai, don matar da ke kula da shagon ta lura ba mutum ba ne mai iya hulɗa da jama'a.